Wa ya auna abin da ke cikin kunu?

In an kai yaro asibiti ya rame, likita yakan ce wa uwa: "Ki riƙa sa masa garin wake ko ƙuli-ƙuli cikin kunu." Yaya likita ya san wake ya fi hatsi gina jiki? Bai taɓa fasa ƙwayar wake ya leƙa ba. A littafi ya gani. To, wa ya rubuta littafin? Kan wannan mutum nake so mu yi magana, yara, don a ganina ba a ba shi girman da ya kamata.

A shekarar 1933, a madafar wani asibiti na birnin Landan, wata ƴar makaranta mai suna Elsie Widdowson ta gamu da wani likita, Robert McCance. Likitan ya riga ya auna sukarin da ke cikin ƴaƴan itace saboda masu ciwon sukari, har ya buga sakamakon. Ita kuwa ta yi shekaru tana binciken sukarin tufa. Sai ta ce masa lissafinsa ya yi ƙasa, domin maganin da yake tafasa ƴaƴan itacen da shi yana lalata wani kashi na sukarin kafin a auna. Babban mutum ne, amma bai yi fushi ba. Ya nemo kuɗi, ya ce ta zo su sake awon tare. A 1940 suka fitar da littafin da ya jera abincin Ingila, kowane da abin da ke cikinsa. An yi ta sabunta shi har zamaninmu. Lokacin yaƙin duniya na biyu, su ne kuma suka nuna ya kamata a sa alli kaɗan cikin garin burodi don ƙashin mutane ya yi ƙwari.

Aikin ba shi da daɗin kallo. Ana ɗaukar abinci a aza bisa sikeli, a busar da shi, a sake aunawa: abin da ya ragu, ruwa ne. A ƙona wani sashi ƙurmus, cikin tokar a nemi ƙarfe da alli. A tatse mai. A maimaita, a sake maimaitawa. Duka wannan don layi guda cikin littafi: garam 100 na abinci kaza, ga abin da ya ƙunsa.

Wani zai ce: "Kakanninmu sun ci tuwo sun yi noma, ba su san awo ba." Gaskiya ne. Sun kuwa san abubuwa da yawa. Tsohuwar da ke sa kuka a miya, tana haɗa dambu da zogala, ba ta jira littafi ba. Amma akwai abin da ido da harshe ba su iya faɗi. Ku ɗauki kunu. Garam 100 na busasshen hatsi yana ba jiki ƙarfi kamar kalori 350. In an dama shi ya yi ruwa-ruwa, garam 100 na kunun wani lokaci ko kalori 50 ba ya kaiwa. Cikin jariri kuwa ƙarami ne. Ya sha ya ƙoshi, uwa ta ga ƙoƙo ya ƙare, hankalinta ya kwanta, alhali mafi yawan abin da ya sha bai wuce ruwa ba. Ba ƙin ɗanta take yi ba. Sikeli kaɗai ke tona wannan asiri.

Ga inda maganata take. Littafin Ingila na abincin Ingila ne. Babu fura a ciki, babu anza, babu fara. Ƙungiyar Abinci ta Duniya, wato FAO, ta fitar da jadawalin abincin Afirka a 1968, ta fitar da na Afirka ta Yamma a 2012, sannan na 2019 wanda ya haura abinci dubu. Yanzu ba a takarda kaɗai suke ba, suna cikin rumbun kwamfuta, kowa yana iya buɗawa. Madalla da wannan. Sai dai kwamfuta ba ta ƙirƙiro gaskiya, abin da aka zuba mata take maidowa. Inda ba a auna abincinmu ba, dole a ari lissafin wata ƙasa, ko na wani abinci mai kama da shi, a cike gurbi. Masu haɗa jadawalin ba su ɓoye haka, suna rubuta inda kowane lissafi ya fito. Mu ne masu karatu ba mu duba.

Aro kuwa yana ruɗi, don hatsi ba guda ba ne. A 2018 an fitar da wani irin hatsi a Nijar mai suna Chakti, aikin masu binciken noma na INRAN da na ICRISAT, wadda ke da tasha a Sadore kusa da Yamai. Ƙarfen da ke cikinsa ya fi na irin da aka saba shukawa. Da ba a auna ba, wa zai sani? A ido duka hatsi ne. Kuma ko iri guda ne, wanda aka surfe aka wanke ba daidai yake da wanda aka niƙa da dusarsa ba. Wanda aka sussuka a ƙasa yakan kwashi ƙura, ƙurar ta sa awon ƙarfe ya hau, ba don ƙwayar ta fi kyau ba.

An fara kula da ganyayen dajinmu. A 1998 wasu masu bincike sun buga awon ganye bakwai na Nijar, cikinsu har da zogala, jiga, yakuwa da yaɗiya. Bakwai! Ku tambayi iyayenku mata ganye nawa suke tsinkowa da damina, ku gani ko yatsun hannu za su isa ƙidaya.

Shi ya sa nake cewa wannan aiki namu ne, kuma a cikin tukunya ya kamata a yi shi, ba a cikin rumbu kaɗai ba. Ba ɗanyen hatsi muke ci ba. A auna furar Maraɗi yadda ake dama ta da nono, a auna tuwon Damagaram da miyarsa, a auna kunun da uwa ke ba ɗanta a ƙauyen Tawa cikin watan bakwai, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Aikin yana bukatar kuɗi da kayan gwaji, amma yana bukatar wanda ya san ludayi nawa ke shiga ƙwarya, ya san bambancin surfe da niƙa. Baƙo sai ya tambaya. Ku kun sani tun daga gida.

Ajinmu ba shi da kayan neman ƙarfe cikin toka, amma mataki na fari ba ya fin ƙarfinmu. Ku aro sikelin mai kanti. Ku auna garam 100 na ɗanyen ganyen zogala, ku shanya a inuwa har ya bushe ƙayau, ku sake aunawa. Ku rubuta lissafin biyu cikin littafinku, da ranar, da sunan garin da aka tsinko ganyen.