Daga Bakin Shago: Boling ko Sunuka, Wanne Ya Fi Wuyar Ƙwarewa?

Yau ba maganar kuɗin kwastan na zo da ita ba, gardama ce muka yi da ɗana na biyu a nan Kumasi.

Yaron nan da an rufe shago sai teburin sunuka. Na ce masa wasan zaman banza ne, in ma wasa ake so ga boling, wanda na buga a Dubai lokacin da muka je sarin kaya. Sai ya ce, "Baba, wannan ai na masu hutu ne. Zo ka riƙe sanda ka gani." Na je, na riƙe, na sha kunya. Ga abin da na gano.

Boling yana da saurin ba mutum daɗi. Kwalabe 10 ne a jere, tazarar ƙafa 60, ka mirgina ƙwallo ta kwashe su. Zagaye 10 ne, makin ƙoli 300, sai ka zubar da su duka sau 12 a jere. Ranar farko ƙwallona lambatu take faɗawa, amma kafin mu baro Dubai na haura maki 100, don abu guda kake maimaitawa: taku ɗaya, lilon hannu ɗaya. Kuma allo yana nuna maka ci gabanka.

Wuyar tana gaba. Mai ake shafa wa hanyar, kuma yana sauyawa yayin da ake wasa, inda ƙwallo ta bi ɗazu ba nan za ta bi yanzu ba. Ƙwararru murɗa ta suke yi ta lanƙwaso, da ƙwallon kansu da aka huda daidai yatsunsu, nauyinta har kilo 7. Jason Belmonte na Ostireliya, mai jifa da hannu biyu, a gidan boling na iyayensa ya tashi. Ni da kai kuwa kowane wasa sai mun biya da tsada, ina za mu samu maimaicin?

Sunuka da muke bugawa a unguwa, ƙwallo 15 da fara ɗaya da rami 6, tun farko take horar da kai. Jefa ƙwallo ɗaya a rami ba komai ba ne. Aikin shi ne inda farar za ta tsaya bayan bugun. Ka buga ƙasanta ta dawo, ka buga samanta ta bi gaba. Babu bugu biyu iri ɗaya, kuma abokin wasa yana sane yake ɓoye maka fara. A boling ba mai taɓa kwalabenka. Sai dai tebur yana da arha, yaro zai iya yin awa uku kullum. Efren Reyes na Filifin, zakaran duniya a 1999, yaron aiki ne a gidan tebur na kawunsa a Manila.

To hukuncina: boling ya fi sauƙin shiga amma ya fi cin aljihu, sunuka ta fi cin ƙwaƙwalwa da shekaru. Na yarda yaron ya fi ni gaskiya.

Amma ban bar shi haka ba. Na ce, "Kai da kake lissafin bugu uku a gaba, me ya sa kake ba da bashin shadda ba ka tunanin da me za mu yi sari gobe? Jari shi ne farar ƙwallo." Ya yi shiru.

Mun yi yarjejeniya: wasa sai bayan Isha'i, sau biyu a mako, kuma ba a ɗora ko sidi ɗaya, don daga nan caca take farawa. Iyaye, kafin ku hana, ku leƙa teburin ku ga da wa yake wasa, kuma me ake ajiyewa a gefe.

Ran Asabar muna da karo. Ku taya ni da addu'a. Sai mako na gaba, in Allah ya kai mu.