Amurka: Ribar 'yan wasan da ba a san su ba

Kowace shekara, galibi a watan Afrilu, ƙungiyoyi 32 na gasar zari-ruga ta Amurka, wato NFL, kan zaɓi 'yan wasa daga jami'o'i cikin zagaye bakwai.

Hankali ya fi karkata ga zagayen farko, to amma ƙa'idar iyakance albashi ta sa samun gwani mai araha a ƙarshe babbar riba ce.

A 2000 Tom Brady ne na 199, amma ya ci kofin Super Bowl sau bakwai. Brock Purdy, na ƙarshe a 2022, ya kai San Francisco wasan ƙarshe a 2024, bayan ƙungiyar ta rabu da Trey Lance, wanda ta zaɓa na uku a 2021.