Waiwaye: Alhaji Umaru, Limamin Kete Karachi

A wannan wata za mu waiwayi wani malami wanda kakanninmu na zango ba sa ambaton sunansa sai sun haɗa da addu'a, wato Alhaji Umaru na Kete Karachi.

An haife shi a Kano a 1858, amma asalin gidansu Kabi ne. Hanyar fataken goro ce ta kawo shi Gwanja, ya zauna Salaga, wadda a wancan zamani ita ce uwar kasuwar goro. A 1892 rikicin sarautar Kpembe ya zama yaƙi, Salaga ta watse, fatake da malamai suka bazu. Malam Umaru ya koma Kete Karachi a bakin kogin Balta, can ya zama liman, almajirai na zuwa masa daga nesa.

Duk abin da ya gani da idonsa sai ya sa shi a takarda, da Larabci ko da Hausar ajami. Ya yi waƙa kan zuwan Turawa, ya yi kan talauci da wadata, ya kuma yi kan annobar mura ta 1918. Wani Bajamushe mai suna Adam Mischlich ya zauna gabansa neman sani, Malam ya rubuta masa tarihi da al'adun ƙasar Hausa masu yawa. Allah ya yi masa rasuwa a 1934.

To, bayan gina madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965, ruwa ya cinye tsohon garin Kete Karachi. Amma rubutun Malam bai nutse ba, domin almajiransa sun kwafa sun adana, kuma Jami'ar Legon ta tattara wani sashe nasa.

Mu fa? A gidajenmu da yawa akwai gafaka cike da takardun kakanni, gara na ci, 'ya'yanmu kuwa ba su iya karanta ajami ba. In dattijon da ya san abin da ke ciki ya kwanta dama, shi ke nan. Don haka mu fito da su mu kakkaɓe, mu ɗauki hotonsu, mu zaunar da yara gaban malamai tun da sauran dama.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna makoma. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.