IDAN ZANE ZA KA YI DA LAFTOF, DAINA TAMBAYAR "CORE NAWA CE?"



Yau faɗa na zo yi, kuma na san abokaina masu sayar da kwamfuta ba za su ji daɗi ba. Su yi haƙuri.

Kwanakin baya wani ƙanena a nan Shinkafi ya kawo mini laftof ɗinsa, ransa a ɓace. Yaron ya daɗe yana koyon zane a waya, yana zana fuskokin mutane, yana haɗa fostar biki da ta walimar sauka. Ya tara ɗan abin da ya tara, mahaifinsa ya sayar da wake ya cika masa, ya hau mota har Kano. Mai shago ya ce masa: "Core i7 ce, RAM 16, ba ka da matsala, ɗauka kawai." Ya ɗauka.

Aikin farko da ya samu hoton ango da amarya ne. A laftof komai ya yi daidai. Da ya tura ta WhatsApp, a wayar mai aikin fuskar amarya ta koma ja kamar an shafa mata manja, shaddar ango kuma ta yi wani shuɗi mai kashe ido. Mai aiki ya ce shi ba wannan ya biya ba. Yaron ya zaci hannunsa ne bai ƙware ba. Na buɗe laftof ɗin, na ɗan kwantar da murfin baya kaɗan, sai hoton ya yi duhu, launuka suka juye. Na ce masa hannunka lafiya lau, sikirin ɗinka ne ke yi maka ƙarya.

Abin da ya faru ba sihiri ba ne. Sikirin ɗin nasa launukansa a dushe suke, kuma farinsa ya karkata wajen shuɗi. Shi kuma sai ya yi ta ƙara ja da ruwan ɗorawa har fatar ta yi masa daidai a ido. Wayar mai aikin ba ta da wannan ciwon, sai ta nuna ainihin abin da ya zuba. Mai zane da mugun sikirin kamar tela ne da ke awo da gurguwar tef: duk ƙwarewarsa, rigar ba za ta zauna ba.

To me ya sa kullum muke faɗawa wannan ramin? Saboda mun mayar da "Core i7" kamar sarauta. Ko a nan ɗin ma ruɗu ake yi mana. Core i7-6600U, wadda ke cikin laftof na hannu da yawa, ƙwaƙwalwa 2 gare ta. Core i5-8250U kuwa 4 gare ta, kuma ta fi ta gudu. Ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zubi na 8 take farawa. Ka ga mai i7 zubi na 6 ya biya kuɗin suna ne kawai. Amma bar wannan, mu koma kan sikirin, don shi ne ba a taɓa rubutawa a jikin takardar da ake liƙa wa laftof a shago.

Sikirin ɗin laftof na hannu galibi iri biyu ne, TN da IPS. TN shi ne mai araha, wanda launinsa ke canzawa da zarar ka motsa kai. Ga mai rubuta takardu a ofis ba komai. Ga mai zane bala'i ne, musamman mu da fatar da muke zanawa baƙa ce ko wankan tarwaɗa. Duk kyan fuskar Bahaushe a hoto yana cikin inuwa ne, tsakanin duhu da duhu, kuma daidai nan ne TN ke cuɗe komai ya zama dunƙule guda. IPS kuwa ko ta gefe ka kalla launi na nan yadda yake.

Kada ka ce ai ka san sunan samfurin da ake yabo, shi ke nan. Lenovo ThinkPad T480 guda ɗaya an fitar da ita da sikirin iri-iri: akwai 1366x768 na TN, akwai 1920x1080 na IPS, akwai 2560x1440. Jiki ɗaya, suna ɗaya, a shago ma wataƙila kuɗi ɗaya. HP kuma sukan rubuta SVA a inda ake nufin TN, UWVA a inda ake nufin irin IPS. Masu cewa "Apple ai ba ta da na banza" su ma su saurara: MacBook Air ta 2017 da waɗanda suka gabace ta TN ne a jikinsu. Sai daga 2018 Air ta samu Retina.

Kuma ko IPS ɗin ma bai isa shaida ba. Akwai ma'aunin yawan launin da sikirin ke iya nunawa, sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, kuma har yau shi ne ma'aunin da yawancin hotunan intanet ke bi. Idan ka ga an rubuta 45% NTSC, to wannan sikirin kusan kashi 60 da ɗoriya cikin 100 na sRGB kawai yake nunawa. Wato akwai ja da kore da shuɗin da idonka ba zai taɓa gani a kansa ba, alhali suna cikin hoton da kake zanawa. Abin da kake nema shi ne 72% NTSC ko 100% sRGB, kusan abu guda suke nufi. Laftof ɗin wasan gem masu araha, waɗannan masu fitilu ja da kore a madannai da matasa ke mutuwar so, da yawansu 144Hz ne amma 45% NTSC. Gudu ba launi. Ga cin batir kamar gara.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita. Wai ka sayi mai ƙarfi, daga baya ka haɗa mata babban monita. Malam, a ina? Wanda ke Abuja da wuta da teburi yana iya faɗar haka. Mu nan mai zane yana aiki ne a shagon caji, ko a zaure, ko gindin bishiya, ko ya saka laftof a jaka ya tafi Kaura wajen ɗaliban Poli neman aiki. Monita ba ta da batir. Ranar da babu wuta kuma sola ta gaza, ka koma kan wancan sikirin ɗin da ka raina.

Wasu kuma su ce a saita launi a Windows. Saiti yana gyara karkata, yana rage shuɗin da ya yi yawa. Amma ba ya ƙirƙiro launin da gilashin ba ya iya fitarwa. Canza sikirin ɗin gaba ɗaya yana yiwuwa a wasu samfuran, na yarda, sai dai sai ka nemo wanda ya dace da soket ɗinsa, ka nemo mai gyaran da ya iya, ka sake biyan kuɗi. Me ya hana ka duba tun farko?

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Mutumin Kano idan ya yi kuskuren saye, gobe zai hau adaidaita ya koma Beirut Road ko Farm Centre a yi ta ta ƙare. Mutumin Shinkafi ko Zurmi sai ya bi Kaura, Gusau, Tsafe, Funtuwa kafin ya ga Kano, kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Ba kuɗin mota kaɗai ake sakawa a wannan tafiya ba. Ba wanda zai sake bin ta don ya ce wa mai shago "launin bai yi mini ba". Saboda haka gwajin da za ka yi, a shagon za ka yi shi, kafin kuɗi su bar hannunka.

Kuma kayan gwajin yana aljihunka. Kafin ka tafi, zuba hotuna uku a waya da filas: fuskar baƙin mutum a cikin inuwa, atamfa mai ja da kore sosai, da farin shafi zalla. Idan wayarka na da zaɓin launi, kamar Samsung, mayar da shi na asali, ba mai ƙyalli ba. A shago buɗe hoto guda a waya da laftof, ka jera su. In jan atamfar ya koma kamar ta sha wanki goma, ajiye. Kwantar da murfin gaba da baya, ka leƙa ta gefe. In fuska ta juye, TN ne. Buɗe farin shafin ka nemi tabo da ɗigon da ya mutu, don na hannu suna yawan zuwa da su. Sannan ƙure haske ka roƙi mai shago ka fita da ita bakin ƙofa. Haske ana auna shi da nit, masu araha suna wajen 220 zuwa 250, kuma ranar Shinkafi ta watan Afrilu ba ta san da su ba. Nemi 300 zuwa sama. In kana son tabbaci, saka manhajar HWiNFO a filas ɗin, za ta nuna maka lambar gilashin, ka bincika ta a Panelook da wayarka. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji na minti goma, ka gode masa ka shiga na gaba.

Wani tarkon kuma shi ne "tana da tochi". Taɓa sikirin da yatsa daban, alƙalami mai jin nauyin hannu daban. Zane na buƙatar na biyun, wanda in ka danna layi ya yi kauri, in ka sassauta ya sirance. ThinkPad X1 Yoga tana zuwa da alƙalaminta a cikin jiki, sai ka tabbatar yana nan kuma yana aiki. Surface Pro sikirinta na da kyau ƙwarai, amma manne take da gam, gyaranta wahala ne, in ta fashe a nan sai dai ka yi ta kallonta. Ni a ganina, ga mai ƙaramin ƙarfi, gara laftof mai sikirin na gari ko ba tochi, ya haɗa da ƙaramin allon zane na Wacom, Huion ko XP-Pen. In allon ya lalace, shi kaɗai za ka canza.

Ban ce ƙarfin inji banza ba ne. RAM 8 shi ne ƙarshen ƙasa, 16 ya fi, kuma lallai ta zama SSD. Amma waɗannan a laftof da yawa ana ƙara su daga baya cikin sauƙi. Batir ma ka duba: buɗe cmd ka rubuta powercfg /batteryreport, za ka ga abin da ya rage masa idan aka gwada da yadda ya fito daga kamfani.

Manhaja kuma, mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 bai kamata a koya mana wannan ba. Photoshop na biya yana son ya riƙa leƙa intanet lokaci-lokaci don ya tabbatar ka biya. Krita kyauta ce, don zane aka yi ta, kuma ba ruwanta da netwok.

Shi ƙanen nawa bai koma Kano ba. Yanzu duk minti kaɗan sai ya tura hoton zuwa wayarsa ya duba fatar, ya dawo ya gyara, ya sake turawa. Aikin awa biyu yana cin masa yini, kuma yana neman wanda zai sayi laftof ɗin, mai aikin rubutu, wanda launi bai dame shi ba.