Argungu a Ranar da Ba Biki

Daga unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi zuwa bakin Matan Fada a Argungu tafiya ce ta kimanin awa ɗaya a mota, kilomita 50 da 'yan kai. Duk da wannan kusanci, ba wuya a samu likita ko lauya ko malamin jami'a a Birnin Kebbi wanda ya san titunan Abuja da kasuwannin Dubai, amma bai taɓa tsayawa a bakin wannan kogi ba sai ranar bikin kamun kifi, cikin ƙura da turmutsutsu. Dalili shi ne an daɗe ana ɗaukar yawon buɗe ido a matsayin hidimar gwamnati: gwamna ya sa rana, a kafa rumfuna, manyan baƙi su zo da jerin gwanon motoci, a watse bayan kwana huɗu. Wannan fahimta ta cuci Argungu. Wanda zai raya wuri irin wannan shi ne ƙaramin baƙo, mai motar kansa da ɗan guzurinsa, wanda zai zo ranar Asabar ɗin da babu kiɗa babu jawabi.

Tarihin bikin kansa ya isa shaida. An fara shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe babin daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Kabawa da Daular Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Amma a daidai lokacin da aka yi masa wannan karramawa, bikin yana kwance: bayan na 2009 ba a sake yin sa ba sai a watan Maris na 2020. Shekara goma cur mai masauki da mai kwalekwale da mai suyar kifi suna zaman jiran ranar da ba su da ikon sa ta. Sana'ar da ta rataya a kan kwana huɗu a shekara, kwanakin ma sai gwamnati ta ga dama, ba sana'ar da mutum zai ciyar da iyali da ita ba ce.

Ƙasar da ta fi fahimtar darajar ƙaramin baƙo tana can arewacin Turai. A Norwe akwai wasu dogayen mashigan teku da ake kira fiyod, kwaruruka masu zurfi da ƙanƙara ta sassaƙe tsakanin duwatsu tun zamanin da, daga baya ruwan teku ya cika su. Mafi tsawonsu, Sognefjord, ya haura kilomita 200. Ƙauyen Geiranger, wanda mazaunansa ba su kai 300 ba, yana karɓar dubban ɗaruruwan baƙi duk shekara, kuma ba a yin wani biki don jawo su. Norwe ƙasa ce mai tsadar rayuwa, amma ɗalibi mai tsohuwar mota yana iya zaga waɗannan wurare, saboda abubuwa biyu. Na farko, dokar ƙasar ta 1957 ta tabbatar wa kowa 'yancin ratsa dajin da ba a noma ba da kafa tanti a cikinsa na ɗan lokaci, muddin ya nisanci gidajen mutane. Na biyu, hukumar hanyoyin ƙasar ta ware hanyoyi 18 don masu yawon kallo, ta yi musu wuraren tsayawa da makewayi da allunan bayani. Kyan wurin baiwa ce daga Allah. Abin da ya mayar da baiwar ta zama abinci shi ne waɗannan ƙananan ayyuka.

Kwarin Rima ba shi da duwatsu masu tsiri ko ruwa mai zurfin kilomita, kuma ba ya bukatar su. Kyansa na shimfiɗa ne. Wanda ya bar Birnin Kebbi bayan sallar Asuba ya bi ta Gwadangwaji da Zauro da Ambursa yana tafe ne a gefen fadama mai faɗin da ido ba ya ƙure ta. A ƙarshen damina ruwa kan malale ta har ta koma kamar tafki. A tsakiyar rani kuwa, lokacin da tudu ya bushe ƙurmus, sai shinkafar rani ta mayar da ita kore shar, balbela da zalɓe da kirinjijiya suna shawagi a kanta. Wannan fadama ce ta sa aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ita ce kuma ta jawo katafaren kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT zuwa Argungu a 2017. Mai cin shinkafar Kebbi a Legas bai taɓa ganin inda take fitowa ba. Abin kunya ne a ce mai zaune a Nasarawa ma haka.

Hanyar kanta darasin tarihi ce. A 1805 rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, sarautar Kabi ta yi ƙaura, daga baya ta kafu a Argungu. Tazarar da mota ke cinyewa yau cikin awa guda ta kasance iyakar yaƙi tsakanin Gwandu da Kabi tsawon shekaru masu yawa, in ban da ɗan sararin sulhun da aka fi sani da Lafiyar Toga. A Argungu kuma akwai Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakuna suka zauna har 1942, aka mayar da ita gidan adana kayan tarihi a 1958. A ciki akwai makamai da tambura da kayan su da kaburburan sarakunan Kabi. Ranar biki babu mai natsuwar kallon waɗannan. Ranar da ba kowa, ma'aikacin wurin yana da lokacin yin bayani, yaro yana da damar yin tambaya. Gani ya kori ji.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji uku, kuma babu ta rainawa a cikinsu.

Ta farko ita ce tsadar mai. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin litar fetur ya ninka sau da yawa, ma'aikaci kuma yana auna kowace fita. Sai dai lissafin yana da sauƙi. Zuwa da dawowa da ɗan zagayen gari bai wuce kilomita 120 ba. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita 10 za ta sha lita 12. In abokai huɗu suka raba, lita uku-uku ke nan, ƙasa da abin da mutum kan kashe a ankon biki guda. Babu kuɗin otal, domin tafiyar yini ce.

Ta biyu ita ce tsaro, kuma ita ta fi nauyi. A Nuwamban 2024 'yan Lakurawa sun kai hari garin Mera da ke ƙaramar hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu, an rasa rayuka. Kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, yana cikin ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato, yankin da ya sha fama da 'yan bindiga. Komai kwaɗayin ganin ganuwarsa ta dutse, ba wurin da mai iyali zai kutsa da ka ba ne. Tafiya da motar kai tana ɗora wa mutum nauyin da mai shirya yawo zai ɗauke masa. Ya tsaya kan babbar hanya, ya fita da hantsi ya dawo kafin La'asar sakaliya, ya tambayi direbobin tasha labarin hanya a safiyar ranar, domin su ne suka kwana da ita. Ya duba taya da safaya da jak da ruwan lagireto, ya riƙe takardun mota da 'yan canji a hannu. In labari bai yi daɗi ba, ya fasa. Kogi ba ya gudu. Haka nan batun shiga ruwa. Haɗarin jirgin ruwan da ya faru a kogin Neja kusa da Warra a Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya isa gargaɗi: kada a hau kwalekwalen da ya cika, kada a sa yaro a ciki ba rigar kariya.

Ta uku ita ce mai ƙaramin guzuri ba ya barin komai a gari. Wannan gaskiya ce in ya ɗauko tuwonsa daga gida ya ci a cikin mota ya juya. Araha daban, rowa daban. Abin da aka tsimi na otal da jirgin sama, a kashe wani kaso nasa a inda ya dace: a biya kuɗin shiga gidan tarihi, a sallami wanda ya yi jagora, a sayi soyayyen kifi ko banda, a auni shinkafa. Naira dubu biyar da ta shiga hannun mai kwalekwale kai tsaye ta fi masa amfani a kan kwangilar miliyoyin da za a bai wa wani daga Abuja don kafa rumfa. Mota goma kowane ƙarshen mako mota 520 ce a shekara, kuma irin wannan ciniki na kullum shi ke sa mutum ya gyara shago, ya koya wa ɗansa sana'a.

Akwai kuma ladabin baƙunci. Matan Fada ruwa ne mai masu shi, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa da masarauta, kuma hana su a cikinsa a sauran kwanakin shekara shi ke sa a samu giwan ruwan da ake tinƙaho da shi ranar biki. Baƙo ya yi sallama, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutane, ya kwashe ledarsa da robarsa. Wanda ya zo shi kaɗai ba shi da inuwar taro da zai fake a cikinta. Halinsa ne zai buɗe wa na bayansa ƙofa ko ya rufe ta.

Abin da ya rage wa gwamnatin jiha da masarauta ba shi da tsada: allunan nuna hanya da Hausa da Turanci, wurin tsayawa biyu ko uku inda fadama ta fi bayyana, makewayi mai tsabta da wurin alwala a bakin kogi, rigunan kariya ga masu kwalekwale, lokutan buɗe gidan tarihi da kuɗin shigarsa a rubuce a ƙofa, da horar da samarin gari su zama 'yan jagora. Duka wannan bai kai kuɗin masaukin manyan baƙi na biki guda ba, kuma zai yi aiki kwana 365.

Amma hukuma ba ta gina wurin tsayawa a inda babu mai tsayawa. Motocin da ke fake a ƙofar gidajen Nasarawa da Gesse ranar Asabar su ne za su fara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, kafin zafin bazara ya sauka.