Babban digiri na kasuwanci: doguwar hanya ko gajeriya?

A Tanut da Belbeji, iyaye da yawa suna sayar da bisashe ko hatsi don su biya wa ƴaƴansu kuɗin karatu. Saboda haka ya kamata su san abin da suke biya. Wannan bayani ya shafi babban digiri na kasuwanci da tafiyar da ma'aikata, wanda ake kira masta. Hanyoyin samunsa biyu ne.

Doguwar hanya

A shekarar 2007 ƙasashen ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, suka amince da tsari ɗaya na karatun jami'a. Bayan jarrabawar bak, ɗalibi zai yi shekara 3 ya samu lisans. Sannan ya ƙara shekara 2 ya samu masta. Jimilla shekara 5 ke nan. A da, ɗan Damargu sai ya tafi Yamai. A 2010 aka kafa jami'o'i a Damagaram da Maraɗi da Tawa. Fannin tattalin arziki da tafiyar da ma'aikata yana nan a Yamai da Tawa.

Amfanin wannan hanya shi ne ɗalibi yana samun lokacin fahimtar lissafin kuɗi, kuma yana gwada aiki a ma'aikata kafin ya gama. Wahalarta ita ce kuɗin abinci da na haya na tsawon shekaru.

Gajeriyar hanya

Wasu makarantu suna dunƙule karatun masta cikin shekara ɗaya. A Faransa, makarantar INSEAD tana ba da digirin MBA cikin wata 10, alhali manyan makarantun Amurka suna ɗaukar shekara 2. Amma irin waɗannan makarantu suna karɓar wanda ya riga ya samu digirin farko ne, kuma ya yi shekaru yana aiki. Kuɗinsu yana da yawa, darasi kuma yana tafiya da sauri.

Wace ta fi?

Gajeriyar hanya ta dace da ma'aikacin da ya san aiki, kamar mai riƙe da asusun ƙungiyar makiyaya ko bankin hatsi. Saurayi ko budurwar da ba su taɓa aiki ba, doguwar hanya ta fi musu.

Babban haɗari shi ne makarantar da ke alkawarin digiri cikin gaggawa ba tare da izini ba. Takardarta ba ta da daraja wajen neman aiki, kuɗin kuwa ba ya dawowa.

Kafin ku sayar da dabba, ku yi tambaya uku:

1. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ba makarantar izini?
2. Hukumar CAMES, mai tantance digiri a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ta amince da wannan digiri?
3. Nawa ne kuɗin duka, daga rajista har ranar karɓar takarda?

Ku nemi a nuna muku amsar a rubuce, ku karanta da kanku.