Ka kai kare bakin gulbi ka yar, ɗiyan wa ka bar wa shi?

Yau maganar kare za mu yi, kuma na san tun kafin in je ko'ina wani zai ce: mutane na fama da tsadar hatsi, kai kana zancen kare? To a yi mini haƙuri a saurara, don zancen na yara ne kafin ya zama na kare.

A yawancin gidajenmu, ta hanya guda kare yake shigowa. Yaro ya taso daga lakwal, ya ga karya ta haihu a wani kango, ya ɗauko kwikwiyo ya rungume cikin riga. Uwa ta yi faɗa, uba ya ce a fitar da shi, yaro ya yi kuka, a ƙarshe a ce to bar shi, ai ya yi mana gadin awaki. Ba wanda ya zauna ya yi shawara. Ba a tambayi uwar kwikwiyon lafiyarta lau ko a'a ba, ba a ma san ko tana raye ba. Fitarsa ma hanya guda ce. Bayan wata shida ko shekara, kare ya girma, ya cinye ƴan tsakin maƙwabta, ko ya yagi ƙafar wani yaro, ko mai gidan haya ya ce ba ya son kare a gidansa. Sai a sa shi cikin buhu, a ɗaura bayan moto, a nufi bakin gulbi ko hanyar Tibiri ko wajen garake na Jiratawa, a kwance bakin buhu a juyo da gudu. Maigida ya dawo ya ce alhamdu lillahi, an rabu da bala'i.

Ni dai ina ganin ba a rabu da komai ba. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Tibiri da Jiratawa ba daji ba ne, garuruwa ne cike da yara, kuma ko wanne bai kai tafiyar rabin awa a moto daga tsakiyar Maraɗi ba. Karen da ya saba da tuwon gida bai iya farauta ba, bai san kowa a wurin ba, yunwa za ta kora shi inda mutane suke: bola, mahauta, bakin kasuwa, ƙofar makarantar allo inda ake zubar da sauran abinci. Can zai haɗu da karnukan da ba su da mai su, a yi faɗa, a ciji juna. Wanda zai fara jifansa ko ya miƙa masa hannu kuwa, yaro ne. Ɗan wani ne kawai, ba naka ba.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan da zafi shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke faɗa wa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya ɗauka. Ƙwayar cutar tana cikin miyau, tana shiga ta cizo, ko yagi, ko lasar wurin da ke da rauni, sannan ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Tana iya yin wata biyu ko uku ba a ga komai ba, wani lokaci sati guda, wani lokaci har shekara. Ciwon ƙafa ya warke, an manta. Ranar da yaro ya fara zabura, yana ganin ruwa yana firgita, ya kasa haɗiya, to an makara. Daga nan ko Yamai aka kai shi, ko Faransa, ba abin da likita zai iya yi masa in ban da sauƙaƙa masa wahala.

Me ya sa yara? Tsayinsu ne na farko. Babba kare ya kan same shi a ƙafa, yaro ɗan shekara uku kuwa fuskarsa daidai bakin kare take, kuma cizon da ke kusa da kai ya fi saurin kai cutar ga ƙwaƙwalwa. Na biyu, kuma wannan laifinmu ne mu iyaye, yaro yana ɓoyewa. An hana shi wasa da kare, ya yi, kare ya ɗan yage shi a hannu, ya san in ya faɗa bulala zai sha. Sai ya ja hannun riga ya rufe. Duk gidan da ake dukan yaro don kare ya cije shi, an koya wa sauran yaran gidan su yi shiru ke nan.

Yanzu ga inda yar da kare ya fi muni. Ranar da kare ya ciji yaro, ranar ce zuciya take cewa a kashe shi ko a ɓatar da shi kafin magariba. Alhali karen nan shi ne shaidar da likita yake buƙata. Karen da ke ɗauke da cutar a miyaunsa ba ya daɗewa, cikin kwana goma zai nuna ciwo ko ya mutu. Shi ya sa ake cewa a ɗaure shi wuri guda, a ba shi ci da sha, a sa masa ido kwana goma, likitan dabbobi ya duba shi. In ya wuce kwanakin yana cin abincinsa lafiya lau, hankali ya kwanta. In ka kai shi gulbi ka yar, ka yar da amsar tambayar da za ta hana ka barci wata uku. In kuwa da gaske yana da ciwon, ka ɗauki wuta da hannunka ka kai ta unguwar wasu.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ba cewa na yi a zauna jiran kwana goma kafin a nemi magani ba. Da zarar an yi cizo, a kai yaro bakin pampo a wanke wurin da ruwa da sabuni, ana kwarara ruwa har minti goma sha biyar, a duba agogo, don minti goma sha biyar da yaro yana kuka ya fi yadda ake zato tsawo. Kada a sa barkono, kada a sa toka, kada a ƙona gashin karen a shafa kamar yadda wasu ke yi. A wuce likita a ranar, a faɗi gaskiyar abin da ya faru, su za su faɗi inda ake samun allurar da yadda za a yi ta, don ba sau ɗaya ake yi ba, kuma wanda ya fara ya bari bai gama komai ba. Allurar nan ba sabon abu ba ce. Tun watan Yuli na 1885 Louis Pasteur ya fara gwada ta a Faransa, a kan wani yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza, yaron kuma ya rayu. Amma tana da tsada, kuma iyayen da suka taɓa nemanta sun san haka. Allurar da ake yi wa shi karen, sau ɗaya a shekara, kuɗinta bai kama ƙafar wannan ba. In kuma kare ya riga ya haukace a fili, yana dalalar da miyau yana cizon duk abin da ya gani, wannan ba na kamawa da hannu ba ne. A kwashe yara, a sanar da mai unguwa da ma'aikatar kiwo. In an kashe shi kada a farfasa kan, don da ƙwaƙwalwar ake awo, kuma kada a bar yara su ɗaura wa mushen igiya suna ja a titi suna ihu.

Wani zai ce to mu huta mana, magajin gari ya sa a zuba guba a kashe karnukan gari gaba ɗaya. An sha gwada wannan a ƙasashe da yawa bai yi magani ba. Muddin bola tana nan, wasu karnukan za su cike gurbin, ga guba da aka jefa cikin nama ba ta san kare da kyanwa da ungulu ba, ba ta san ɗan yaye mai tsintar abu a ƙasa ba. Abin da aka ga ya yi aiki yana nan kusa da mu, a Njamena ta Cadi. A 2012 da 2013 an bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka allura kyauta har aka haura kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin, kuma cutar ta yanke na tsawon watanni. Da ta dawo, masu bincike sun danganta dawowarta da karnukan da suka shigo daga wajen birnin. Wannan ɓangaren na ƙarshe shi ya fi shafarmu. Kare da ƙafarsa ba ya nisa sosai, mu ne muke ɗora shi a moto. Muna kwasar namu muna kai wa Tibiri da Jiratawa, yaranmu kuma in sun je hutu ƙauye suna dawo mana da kwikwiyon can.

Ban ce kada a ajiye kare ba. Mai garka a Jiratawa da ya kwana yana ban ruwa ga zogale da albasa yana da dalilin ajiye kare. Wanda ya turke raguna yana jiran Layya, ko mai jajayen awaki a bayan gari, a wannan zamani da satar dabbobi ta addabi yankin Madarunfa da Gidan Rumji, ba wanda zai ga laifinsa. Addini ma bai rufe ƙofar ba, an yi izinin kare don farauta da kiwo da tsaron gona. Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya ajiye kare a gidansa don tsaro lokacin da ya ji tsoro a kan ransa, da aka yi masa magana ya nuna cewa halin zamaninsa ne ya kawo haka. Amma addinin da ya yi izinin, shi ne ya ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka yi wa azaba don ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Sai in ga mutum yana ƙyamar kare ya taɓa masa buta, amma bai ji komai ba don ya ɗaure shi a rana cikin zafin watan Afrilu ba ko kwanon ruwa, yaran unguwa suna jifansa ta saman katanga. Karen da aka rena haka, ranar da igiya ta tsinke, yaro zai fara nema.

Ɗaukar kare shawarar manya ce. Kuma cikin manyan, a fara da uwargida, don maigida yana kasuwa tun safe, ita ce za ta wuni da kare da mai rarrafe a tsakar gida guda. In ta ce ba za ta iya ba, magana ta ƙare. In gidan haya ne da iyali uku ko huɗu, yaran maƙwabta ma suna da haƙƙi a cikin shawarar. A ɗauko kwikwiyo daga gidan da aka sani, wanda aka ga uwarsa da ido, bayan ya yi kamar wata biyu yana shan nono, ba na kango ba, don ɗan kwikwiyo ma yana iya ɗauke da cutar. In ya kai wata uku a kai shi a yi masa allura a karɓo takarda a adana. Yara kuma a gaya musu a fili: ba a taɓa kare yana ci, ba a tada shi yana barci, ba a kusantar karya mai jego. Ɗan da bai kai shiga lakwal ba kuwa, ba a barinsa da kare su biyu, ko da karen nan tare suka tashi.

In zama ya ƙi, kuma yana iya ƙi, ba abin kunya ba ne mutum ya ce na kasa. An yi sabuwar haihuwa, an koma gidan da ba fili, ko karen ya fara yi wa yara gurnani. To a nema masa wanda yake so, hannu da hannu. Akwai masu garka, akwai makiyaya, akwai ƴan farauta, akwai masu gadin shaguna da ma'ajiyar kaya, kuma cikinsu ba a rasa mai neman kare da ya riga ya girma. A tambaya ta bakin mai unguwa ko ma'aikatan kiwo, sun san mutane. Sharaɗin kawai a faɗi gaskiya. In yana kama kaji a faɗa. In ya taɓa cizon yaro a faɗa, kuma irin wannan kada a ba gidan da ke da ƙananan yara ko sun roƙa. Mun iya wannan a cinikin dabba, wanda ya sayar da saniya ya ɓoye aibinta mun san sunan da ake kiransa da shi a kasuwa, to don me kyautar kare za ta zama da ha'inci? A miƙa shi da takardar allurarsa, in ba a taɓa yi masa ba a yi kafin ya tafi, kuma ba a ba da karen da ya yi cizo sai kwana goman nan sun cika. Wanda ya karɓa ya turke shi ƴan kwanaki a inuwa yana ba shi abinci da hannunsa har ya saba, in ba haka ba zai kama hanya ya nemi tsohon gida, ya ɓata a tsakani.

Saura maganar karya, wadda kowa ke gudu. Kowa namiji yake so, ƴan matan kwikwiyo su ake zubawa cikin kwali a ajiye a bola da dare, kuma waɗanda suka rayu cikinsu su ne uwayen karnukan da ke bin masu zuwa sallar asuba da haushi. Mai karya ya tambayi likitan dabbobi yadda ake tsayar mata da haihuwa, ko ya nemi masu karɓar ƴaƴan tun tana da ciki.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, ranar da Pasteur ya rasu a 1895. Ina roƙon hukumomin birnin Maraɗi da na Tibiri da na Jiratawa su haɗa kai da ma'aikatar kiwo su sa rana guda tare, a fito da allurar karnuka ƙofar masu unguwanni, a yi shela a rediyo da masallatai sati guda kafin nan. In Maraɗi ta yi ita kaɗai ta bar maƙwabtanta biyu, abin da ya faru a Njamena ya nuna ta inda ciwon zai sake shigowa.